Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ilimi: A Ware Wa Ɗalibai Lokacin Aikin Kansu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman makaranta buƙatarmu guda ɗaya ce: a ware darussa biyu a jere, minti 80 a mako, a rubuta su cikin jadawali, domin kowane ɗalibi ya yi aikin da ya zaɓa da kansa.

An daɗe da gwada wannan. Tun 1948 kamfanin 3M na Amurka yake barin ma'aikatansa su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki a kan abin da ransu ke so, kuma a irin wannan lokaci wani ma'aikacinsa, Art Fry, ya ƙirƙiro takardar manne ta Post-it. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ma ya ba yaro haƙƙin hutu da wasa da harkokin fasaha.

Sai dai idan aka saki yara ba tsari, hayaniya za a samu. A zangon karatu na mako 12, makonni biyun farko na zaɓen tambayar da ɗalibi zai yi aiki a kanta ne, kuma nan ne aikin yake. Tambayar da za a samu amsarta da bincike ɗaya a intanet ta yi ƙanƙanta, "zan ƙera mota" kuma ta yi girma. Malami ya taimaka a rage ta har ta zama "me ya sa wannan tocila ta daina kamawa?" Sai ka ga yaro ya warware ta, ya jera ƙusoshin a kan takarda don kada su ɓata, yana gwada batir ɗaya bayan ɗaya. Wata kuma ta shuka iri a gwangwani uku, ɗaya a inuwa, tana auna tsiron da rula duk mako. Makonni takwas na aiki, biyun ƙarshe na nuna wa 'yan aji, har da abin da ya ƙi yiwuwa da dalilinsa.

Kafin a tashi, kowa ya rubuta layi uku: me na yi, ina na maƙale, me zan kawo mako mai zuwa. Malami ya zauna da ɗalibai 10 a kowane zama, minti biyar-biyar, cikin wata guda ya zagaye aji mai mutum 40. Inda aji ya fi haka, a haɗa su uku-uku.

Muna roƙonka, ranka ya daɗe, kada a sa maki. A 1973 masanin halayyar ɗan Adam Mark Lepper da abokan aikinsa sun gano cewa yaran da aka yi wa alkawarin lambar yabo don su yi zane, daga baya sun rage zanen da suke yi don kansu. Da zarar maki ya shigo, yaro zai zaɓi abin da ya san ba zai faɗi ba, shi ke nan ƙirƙira ta tafi.

Abin da ya fi damunmu shi ne jarrabawa. Da ta matso, wannan lokaci za a fara cinyewa da sunan bita. Don haka umarnin ya fito a rubuce daga ofishinka, a sa lokacin a tsakiyar mako da hantsi, kuma masu duba makarantu su riƙa neman littattafan layi ukun nan su gani da idonsu.

Naka da girmamawa,
Wasu malaman makaranta