Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan ciwon ƙugu

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Na ji ƙugu ya riƙe ki tun da kika fara motsa jikin nan na yoga. Sannu. Yawancin irin wannan ciwo yana sauƙi cikin mako 4 zuwa 6, in dai an daina fama shi.

Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya, tsakaninsu akwai faifai mai laushi kamar matashi. In kika zauna ƙafafu a miƙe kina kokawar kamo yatsun ƙafa, alhali tsokar bayan cinyarki a ɗaure take, ƙugun ne ke lanƙwashewa, nauyi ya hau faifan. Lanƙwasa gwiwa kaɗan, ki sa ninkakken bargo a ƙarƙashin mazaunanki, ki sunkuyo daga kwatangwalo, bayan a miƙe. Kada ki yi wannan da kin tashi daga barci. Faifan kan sha ruwa cikin dare ya cika, sai ki ba shi kamar awa ɗaya. Salon gamsheƙa kuwa, wanda ake kwanciya rub da ciki a ɗaga ƙirji, tsaya a kan gwiwar hannu. Miƙe hannuwa gaba ɗaya shi ke matse gaɓoɓin ƙugu.

A makon nan ki ajiye sunkuyo mai zurfi da murɗa jiki, har da shara da guntuwar tsintsiya. Amma kada ki lafe a gado, kwanciya sandarar da baya take yi. Yi tattaki na minti 10 sau 3 a rana. Gasa wurin da tawul mai ɗumi minti 15 zuwa 20. In za ki kwanta ta gefe, sa filo tsakanin gwiwoyi. In rigingine ne, sa shi ƙarƙashinsu. In ruku'u yana tayar da ciwon, yi sallarki a zaune. Ibuprofen yana taimakawa bayan cin abinci, amma ban da mai olsa, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu.

Da ya lafa, ki durƙusa a kan tafin hannu da gwiwa, ki miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare na daƙiƙa 10, ki sauya, sau 5 kowane ɓangare. Jan tsoka a bayan cinya ba komai ba ne. Suka kamar ta allura a ƙugu kuwa, ki tsaya nan take, ko da malamar yoga na cewa a daure.

Kada ki bar kowa ya taka miki baya. In ciwon ya gangara ƙafa har ya wuce gwiwa, ko ya haura mako 6, nemi likitan gashin ƙashi. In kuwa ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko fitsari ya ƙi fita ko yana kuɓuce miki, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifiyarki.