Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni: me talaka zai iya yi da mai bindiga?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron nan ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda azzalumi na da bindiga da kurkuku da baitulmali, me ya rage wa talaka in ba haƙuri ba? Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai har yau.

Azzalumi hannu biyu gare shi, kamar ni da kai. Wani ne ke harba masa bindiga, wani ke kulle masa ƙofar kurkuku, akawu ke buga takardar kame, alƙali ya sa hannu, direba ya tuƙa motar da za a zo ɗaukar mutum da tsakar dare. Duk ƙarfin nan da ke ba ka tsoro aro ne daga hannun irinmu, shi kuma ya fi kowa sanin haka. Abin da ya sa ke nan yake tsoron mutum uku su zauna suna hira.

Dubi Romaniya. Ranar 21 ga Disamba 1989, Nicolae Ceausescu, wanda ya shekara 24 yana murƙushe ƙasar, ya fito barandar hedkwatar jam'iyya a Bukares. An kwaso ma'aikata don su yi masa tafi. Yana cikin jawabi sai ihu ya tashi daga bayan taron, saboda mutanen da aka kashe a garin Timisoara kwanaki kaɗan kafin nan. Talabijin na nunawa kai tsaye: ya ɗaga hannun dama yana neman a yi shiru, fuskarsa ta daskare, maganar ta maƙale. Duk ƙasar ta ga tsoro a idon wanda take tsoro. Washegari sojoji suka koma bayan jama'a, ya tsere a jirgi mai saukar ungulu.

Ka ambaci haƙuri, ni ma ban raina shi ba. Sai dai haƙuri daban, miƙa wuya daban. A Montgomery ta Amurka, bayan an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a cikin bas, baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas har kwana 381. Ka tuna matan da ke aikatau a gidajen Turawa: su fito da asuba cikin hunturu, su taka da ƙafa, bas na wuce su kusan wayam, su dawo da dare ƙafa a kumbure, gobe su sake. Wane haƙuri ya kai wannan? Sai da kotun ƙoli ta soke dokar wariyar a 1956 suka koma shiga.

Ba zan rufe ka ba, abin ba kullum yake ci ba. A shekarar da Ceausescu ya faɗi, sojojin Sin sun bi umarni, suka buɗe wa jama'a wuta a Beijin cikin watan Yuni. 'Yan makarantar Soweto ta Afirka ta Kudu sun fito zanga-zangar ƙin mulkin wariyar launin fata a 1976, aka kashe ɗaruruwa, sai 1994 baƙar fata ya jefa ƙuri'a daidai da kowa. Shekara 18. Don haka ba na tura ɗan kowa gaban bindiga, kuma ina ƙyamar masu zuga yara su kuwa suna ɗaki a kwance.

Abin da nake roƙonka bai kai haka ba. In takardar zalunci ta zo teburinka, kada ka sa hannu. In aka nemi ka yi shaidar zur, ka ƙi. In aka ɗauke maƙwabcinka, ka leƙa iyalinsa da rana tsaka kowa na gani, ka riƙa ambaton sunansa, ka samu mutum biyu ku je tare ku tambayi inda aka kai shi.

Wassalam, naka ɗan'uwa.