Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Dawakai

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi. Kamar yadda aka saba ga rahoton abin da kwamiti ya yi a bana, ku yi haƙuri ya ɗan makara, sai da na bi masu riƙe da littattafan barga ɗaya bayan ɗaya kafin na haɗa shi.

Kun dai tuna a taron farkon shekara aka tsayar da cewa aikin bana kacokan a kan ɗingishi za a yi shi, musamman ciwon gaɓar nan ta saman kofato wadda mu muke cewa idon sawu, likitoci kuma su ce fetlok, saboda kusan duk wanda ya tashi yin magana ran nan kukan da ya kawo kenan, doki lafiya lau da safe, a dawo daga sukuwa ya fara ɗaga ƙafa, a ba shi magani ya warware, bayan sati biyu abu ya dawo.

Abu na farko da muka yi shi ne zaman bita da likitan dabbobi da muka gayyato, ya zo da ƙashin ƙafar doki na gaske ya ajiye mana a tebur. Gaɓar nan ƙashin ƙwauri ne ya sauka kan dogon ƙashin da ke gangarawa kofato, sai wasu 'yan ƙasusuwa guda 2 a bayanta, kan kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, ga ruwan gaɓa mai yauƙi yana yi musu aikin man inji. Ta baya kuma akwai babbar jijiya da ta taso daga ƙasan gwiwa ta biyo bayan ƙwauri ta rabu biyu ta kama 'yan ƙasusuwan nan, ita ce ke riƙe gaɓar kar ta zube ƙasa. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, in kuma yana cikin sukuwa akwai lokacin da duk nauyin kan ƙafa ɗaya yake sauka, gaɓar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ƙasa. Da ya nuna mana hoton haka wallahi ɗakin tsit ya yi.

Maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce guringuntsi ba shi da jijiyar jini kuma ba shi da jijiyar jin zafi, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa. Wato yana iya cinyewa a hankali doki bai nuna komai ba, sai ciwon ya kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi ko rigar gaɓar ta kumbura sannan ɗingishi ya fito, kuma wanda ya cinye ba ya dawowa yadda yake. To mu da muke jira sai doki ya kasa taka ƙafa kafin mu kira likita kun ga inda muke makara.

Daga nan kwamitin lafiya ya fara zagayen barga barga. Ba wani kayan aiki muka ɗauka ba, hannu ne da ido, a shafa gaɓar a ji ko da zafi, a gwada da ta ɗaya ƙafar, a duba ko ta cika da ruwa, a sa yaro ya ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri a miƙe sannan a zagaye. Likita ya koya mana ma'aunin ɗingishi na ƙungiyar likitocin dawakai ta Amurka, daga 0 zuwa 5, yanzu shi muke rubutawa a littafi maimakon a ce "yana ɗan taɓa ɗingishi" wanda kowa da yadda yake fahimtarsa. Lanƙwasa gaɓa a riƙe na wajen daƙiƙa 30 zuwa 60 a saki doki ya ruga, da allurar kashe zafi don gano ainihin inda ciwon yake, waɗannan mun bar wa likita, don Allah kar wani ya ce zai gwada allurar da kansa.

Abin da muka fi cin karo da shi a zagayen ba wani abin mamaki ba ne, kofato ya yi tsawo ta gaba dunduniya ta kwanta, wanda hakan ke ƙara ja wa jijiyar baya nauyi, sai ƙiba, sai dokin da zai yi kwana da kwanaki a turke rana ɗaya a kwance shi a zuba masa gudu. Mun roƙi kowa ya riƙa kiran mai gyaran kofato duk sati 6 zuwa 8, wasu sun ji wasu kam har yanzu sai mun yi ta waya.

Sai batun hoto, nan an ɗan yi gardama. Wani ɗan uwa ya ce an ɗauki hoton ƙashi an ce ba komai amma doki na ɗingishi, yana ganin an cuce shi. Ba cuta ba ce, eksire, wato hoton ƙashin, ba ya nuna guringuntsi, sai dai in abu ya yi nisa a ga tsakanin ƙasusuwa ya matse ko ƙashi ya yi tsiro a gefe. Jijiya kuwa sikanin ake mata. Shi dai nasa da aka yi sikanin reshen jijiyar ne ya samu rauni, kuma irin wannan hutun watanni yake so, sau da yawa 6 zuwa sama, ana jan doki da hannu ana ƙara tafiyar kaɗan kaɗan.

Akwai kuma wata cutar jijiyar daban da ya kamata kowa ya sani, likitoci na taƙaita sunanta DSLD. Ita ba rauni ba ne na gudu, jijiyar ce da kanta take lalacewa, kuma yawanci ƙafa biyu take kamawa tare ko ma duka huɗu, sai ka ga idon sawu yana sauka ƙasa a hankali, ƙafar baya ta miƙe sambal, doki yana ta sauya ƙafa a tsaye ko ya yi ta kwanciya. An fara saninta ne a dawakan Paso na ƙasar Peru, daga baya aka gan ta a dawakan Larabawa da wasu irin, a 2006 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka nuna ba a jijiyar ƙafa kaɗai matsalar take ba har wasu sassan jiki. Ba ta da maganin warkewa sai lallaɓawa, kuma tunda ana zargin gado ce kwamiti ya ba da shawarar duk goɗiya ko ingarman da likita ya tabbatar yana da ita a daina barbara da shi. Na san wannan bai yi wa wasu daɗi ba.

Maganar magani ni dai ra'ayina ban ɓoye ba a taro. Butazon yana kashe zafi amma ba ya gyara guringuntsi, in aka daɗe ana bayarwa yana kawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda, mafi muni ka ba doki ya daina jin zafi ka hau ka ƙarasa gaɓar. Allurar cikin gaɓa ta sitiroyid, maganin rage kumburi, tana taimako a hannun likita, amma in aka yi ta ba tsafta ƙwayar cuta ta shiga gaɓa to an shiga uku. Ƙona wurin da ƙarfe mai zafi kuwa tabo kawai yake bari, hutun dole da doki ke samu bayan ƙunar shi ake gani kamar sauƙi. In gaɓa ta yi zafi bayan aiki a sakar mata ruwan sanyi minti 15 zuwa 20 a kira likita.

Abin da ba mu cim ma ba shi ne bitar yaran barga, sau biyu ana sa rana ana ɗagawa, alhali su ne ke taɓa ƙafafun nan kullum safe da yamma, mun mai da ita aikin farko na baɗi. Littattafan barga ma wasu ba a cika su ba, wanda nasa ke hannunsa ya taho da shi taro mai zuwa, za mu sake jan dawakan da aka rubuta wa 2 zuwa sama a ma'aunin ɗingishi a gani ko sun sauka.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.