Hutun kaka: ko dole sai an je Italiya?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki kai da mutanenka, da fatan za ka sammin ɗan fili a jaridarmu.

Kwanakin nan duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ga bidiyon da ake ta yawo da su na Turawa suna hutu a ƙauyukan Italiya lokacin cirar inabi da zaitun, samarinmu kuma sai rubuta Allah Ya kai mu suke yi. Ni ban ga laifinsu ba, wajen da kyau wallahi. Amma fa mutanen nan ba komai suka biya kuɗin jirgi suka je kallo ba illa kaka, kakar da mu ɗan birni ko an roƙe shi ba ya zuwa.

A can inabi daga Agusta ake fara yankansa har zuwa Oktoba, ana bin layi da almakashi ana zuba wa a kwando. Yawancinsa giya ake yi da shi, wannan kam ba ruwanmu, amma akwai na ci musamman a kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. Yana ƙarewa sai zaitun ya karɓa daga Oktoba har cikin Disamba, kuma shi ne ya fi burge ni. Raga ake shimfiɗawa a gindin bishiya a bi rassan da sanda ko wata 'yar manjagara ana karkaɗowa, a tattara a kai inji a ranar ko washegari saboda in ya daɗe a ajiye man ba ya yin kyau, sabon man kuma kore shar yake fitowa har yana ɗan kartar maƙogwaro, sai a gasa burodi a zuba masa a barbaɗa gishiri, shi kenan abincin da baƙo ya tsallako teku dominsa. Wasu bishiyoyin sun yi ɗaruruwan shekaru, wanda ya dasa ko jikansa ba a san kabarinsa ba amma ana nan ana ci. Mu ma ai ba baƙinmu ba ne, a suratu Abasa an ambaci inabi da zaitun da dabino a jere.

Kuma abin ba haka kawai ya faru ba. Ƙauyukansu ne suka fara zama kufai, matasa duk sun gudu birni, shi ne a 1985 gwamnatin Italiya ta yi doka ta ba manomi dama ya sauki baƙi a gidan gonarsa ya ciyar da su ya karɓi kuɗi, bisa sharaɗin noma ya ci gaba da zama babbar sana'arsa ba wai ya rikiɗe ya koma mai otal ba. Yanzu yankin Taskani ya yi suna a duniya da wannan, alhali ba ma Italiya ce kan gaba a man zaitun ba, Sifaniya ce.

To mu dawo gida. Daga an yanke gero abubuwa bi da bi suke zuwa, a cire gyaɗa a roro wake a yanke riɗi a jingine shi ya bushe a kakkaɓe, sai zoɓo, sai dawa ta rufe lokacin sanyi ya fara shigowa. Zafi ya sauka, sauro ya ragu, kowane gida da abinci, mata na sussuka ana jin lugude tun daga bakin gari, da daddare ga dambe ga kokawa a dandali. Yaron da aka haifa a Kano ko Abuja yana iya gama sakandare bai taɓa cin tumu ba, bai san yadda ake ɗaure dami a jefa a rumbu ba, kuma ubansa a cikin wannan aikin ya tashi. Kunun sabuwar gyaɗa da man da aka matse a gabanka aka soya ƙuli da tunkuzar, ni dai ban yarda wani burodi da gishiri ya fi su ba. Wanda kuma yake son yawo ga zanen dutse na mutanen da a Birnin Kudu, ga gonakin dabino a Dutse, ga Baturiya wajen Haɗeja inda tsuntsaye ke sauka da hunturu, wasunsu daga Turan da muke sha'awa suke tasowa.

Na san me za a ce, mu ba ma karɓar kuɗi a hannun baƙo. Gaskiya ne, baƙonka annabinka, duk wanda ya ce wa ɗan uwansa biya kuɗin ɗaki a ƙauyenmu sai ya zama abin zance har jikoki. Ban ce a kwaikwayi Italiya a nan ba. Amma abin da 'yan uwanmu na birni ke yi yanzu shi ma ba tsari ba ne, ba a ganinsu sai sallah ko rasuwa, kaka na yi kuma sai waya, Yaya a ɗoro min buhu biyu a mota, ko kuɗin dako ba a turowa. Ka zo da kanka mana kai da iyali, ka kwana a gidanku kyauta kamar yadda aka saba, amma hatsin shekara da wake da riɗi da man gyaɗa ka saya a hannun wanda ya noma a farashin da za ka biya a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ribar da ɗan kasuwa zai ci ta tsaya a gida. Manomi a lokacin ne yake karyar da kaya da arha don biyan bashin taki.

Matsaloli kam akwai, hanya ba kyau, wuta sai sola, netwok sai ka hau tudu, wasu wuraren kuma lokacin ne ake samun saɓani da makiyaya kan kara da harawa. Banɗaki ma in za a kawo yara a gyara shi, wannan namu ne ba na gwamnati ba.

Hutun makaranta na Disamba yana dacewa da aikin dawa, ba sai an nemi wani izini ba. Kai ma Malam Edita ka turo mana wakilinka da kyamara cikin Nuwamba ya ɗauko kakkaɓar riɗi da cirar zoɓo a wajen Gumel da Maigatari, masauki da fura suna wuyanmu.

Naka mai karatu,
wani manomi daga karkarar Gumel, jihar Jigawa