Wasiƙa zuwa ga aminina Bashir a Yamai

Assalamu alaikum Bashir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran mutanen gida. Ya zafin Yamai? Mu nan Kaduna sai godiya.

Ka tambaye ni ko kutsen kwamfuta nake koyo. A'a aboki, binciken laifukan kwamfuta nake karantawa, wato yadda ake zaƙulo shaida daga waya ko kwamfuta ta hanyar da kotu za ta amince da ita. Abin da aka fara cusa mana shi ne kada mu taɓa ainihin na'urar da aka kama. Ana jona faifan ajiyarta da wata 'yar na'ura mai hana rubutu a kansa, a kwafe komai da manhaja irin FTK Imager, sannan a yi bincike a kan kwafin da wata manhaja mai suna Autopsy. Kafin a fara, sai a fitar da lambar tantancewa ta SHA-256, mai haruffa da lambobi 64. Kamar hatimi take a kan ambulan: ko ɗigo ɗaya aka canza a cikin bayanan, lambar ba za ta ƙara dacewa ba. Kowane hannu da na'urar ta bi kuma sai an rubuta sunansa da lokaci.

Wannan tsantseni shi ya fi kama zuciyata. Da sakacin mai bincike ɗaya za a iya ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, ko a saki ɓarawon da ya kwashe guzurin wata tsohuwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗa kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samo bayanin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar shafukan jarida da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ka ga ke nan samun gaskiya bai wadatar ba, sai ka iya nuna hanyar da ka bi ka same ta. Muna kuma nazarin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024.

Akwai wani labari da malaminmu ya ba mu. A 2005, wani makashi a garin Wichita na Amurka, Dennis Rader, wanda ya shafe shekaru kusan 30 ana nemansa, ya aika da ƙaramin faifan kwamfuta zuwa gidan talabijin. A ciki aka tarar da ragowar wata takarda da ya goge, ɗauke da sunan cocinsu da sunan Dennis. Daga nan asirinsa ya tonu. Dalili kuwa, gogewa sau da yawa ba ta share abu nan take, wurinsa kawai ake bari a buɗe har wani bayanin ya hau kai. Sai dai wayoyin yanzu sun fi wuya, domin bayanansu a kulle suke da lambar sirri.

Wannan ya kawo ni kan maganar Kawu Sale. Wallahi raina ya ɓaci da na ji waɗanda suka kira shi da sunan ma'aikatan banki sun karɓi lambar sirrin da aka turo masa ta waya, suka sace masa kuɗi. Don Allah ka gaya masa kada kunya ta sa ya goge saƙo ko ɗaya, ko lambar da ta kira shi. Kada ya bari yara su yi ta latsa wayar, kuma kada a kai ta wurin mai gyara a wanke ta. Ya je bankinsa da gaggawa, ya nemi takardar shige da ficen kuɗi, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda da wayar a hannunsa. Kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya, shi ya sa jinkiri ke cutarwa.

Idan ka samu dama, ka binciko mini yadda kotunan Nijar ke karɓar irin wannan shaida, ina so in kwatanta da tamu a aikin kammala karatuna. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Naka amini,
Nura