Marubutan fim ɗinmu su duba tsofaffin fina-finan soyayya na Hollywood

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da marubutan fim ɗinmu, musamman masu kukan cewa tace fina-finai ta hana su sakewa a labarin soyayya.

Hollywood ma ta sha wannan takura. Daga tsakiyar 1934 aka tsananta dokar tace fina-finai ta Hays ƙarƙashin shugaban ofishin tacewar, Joseph Breen: ba tsiraici, ba doguwar sumba, ba ƙawata zina. Da aka toshe wannan hanya, sai marubuta suka zuba soyayyar a cikin cacar baki da wurin aiki, kuma abin ya yi armashi.

A duba His Girl Friday na 1940, wanda Howard Hawks ya ba da umarni. Asalinsa wasan dandamali ne na 1928, inda ɗan rahoto Hildy Johnson namiji ne. Hawks ya mayar da shi mace, aka sa ta zama tsohuwar matar editan jaridar, Walter Burns. Rosalind Russell ce Hildy, Cary Grant kuma Walter. Da wannan canji guda, duk rigimar aiki ta koma rigimar aure.

Ga yadda aka ɗaure labarin. Hildy ta shigo ofis ta ce gobe za ta auri Bruce, wani mai sayar da inshora, su koma birnin Albany, ta bar aikin jarida. A goben kuma da sassafe za a rataye wani fursuna, Earl Williams. Wa'adi biyu ke nan suna tafe tare, don haka babu wurin da labari zai zauna ya huta. Shi Bruce mutumin kirki ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Da mugu ne, da zaɓin Hildy ya zo da sauƙi, mai kallo ya daina damuwa. Don ya hana Hildy tafiya, Walter ya sa an kama Bruce har sau uku a kan ƙage, amma ba makircin ne ya riƙe Hildy ba. Labari ne ya faɗo mata a hannu: Williams ya tsere ya shigo ɗakin 'yan jarida, ta ɓoye shi a cikin tebur mai murfi, ta zauna tana buga tafireta, Bruce na tsaye yana mata sallama, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Nan mai kallo ya gane inda zuciyarta take, ba tare da ta furta ba.

Sai saurin magana. 'Yan wasa na katse juna kamar yadda ake yi a gida, amma an ƙara kalmomin cike a farko da ƙarshen jimla, ta yadda su ne ke haɗuwa, muhimmiyar maganar ta fito sarai a tsakiya. Mai ɗaukar sauti kuma yana kunna makirufo ɗaya yana kashe ɗaya gwargwadon wanda ke magana. Wanda ya kwaikwayi saurin ba tare da wannan shiri ba, hayaniya kawai zai samu. Duka fim ɗin minti 92 ne.

Ba duka irin waɗannan fina-finai ne suka dace ba. A Woman of the Year na 1942, Katharine Hepburn ta fito a matsayin shahararriyar marubuciyar jarida mai jin harsuna da yawa, ta auri mai rahoton wasanni, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayinsa. An sake ɗaukar ƙarshen fim ɗin, aka sa ta a kicin tana fama da karin kumallo, kofi na tafasa yana zuba, ƙulli na malala. Wannan ƙarshe yana ɓata min rai, domin an rage mata daraja ne kawai don a sasanta auren, alhali tun farko hazaƙarta ce ta jawo mijin.

His Girl Friday ba shi da haƙƙin mallaka tun 1968, ana samunsa kyauta a intanet. Marubuci ya ɗauki fitowar farko ta ofishin Walter, ya rubuta maganganun a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke zancen aiki da aure a lokaci guda.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Kano