Sojojinmu na Yaƙin Burma Ba 'Yan Rakiya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan sharhin da jaridarka ta buga a makon Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ta 15 ga Janairu. Marubucin ya yi ƙoƙari a kan yaƙin basasa da aikin sojojinmu a Laberiya da Saliyo, Allah ya saka masa da alheri. Amma da ya zo kan Yaƙin Duniya na Biyu sai ya dunƙule shi a layi biyu, ya ce yaƙin Turawa ne, namu dako kawai aka kai su yi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka yi dakon a Burma, wato Myanmar ta yau, ni kuma tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka ba zan iya yin shiru ba.

Bari in fara da abin da ya faru a sararin samaniyarmu, don ko mutanen Kano ba kowa ya san shi ba. Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940, Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma Ingilar na buƙatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka koma loda jiragen sama a cikin akwatuna, a sauke su a tashar Takoradi ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi. Daga Takoradi sai Ikko, daga Ikko sai Kano, daga Kano sai Maiduguri, su tsallaka Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su bi ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, sannan su bi Kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan mil 3,700 ce, tana cin kwana shida ko kusa da haka. Jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya shi ke gaba, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar. Ba don Félix Éboué, gwamnan Chadi, ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agustan 1940 ba, da hanyar ba ta buɗe ba, domin a lokacin Nijar tana hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus. Jamusawa ma sun san darajar hanyar, shi ya sa a watan Janairun 1942 wani jirginsu ya keto Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone man jirage. Su wa suka share filayen Kano da Maiduguri, suka mirgina gangunan mai, suka yi gadi cikin hunturu? Iyayenmu ne. Jiragen da suka yi yaƙi da Rommel, janar ɗin Jamus, a hamadar Masar, da yawansu a Kano suka kwana.

Ta ƙasa kuwa, tun kafin Burma an yi yaƙin Habasha. Birged ta 23 ta Najeriya ce ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941. Daga nan ta nausa arewa, ta ci Jijiga, ta fasa tsaron Italiyawa a mashigin Marda, ta shiga Harar kafin watan Maris ya ƙare, tafiyar fiye da mil 1,000 cikin wata guda. Birnin Adis Ababa ya faɗi ranar 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Waɗannan masu bindiga ne, kuma su ne a sahun gaba.

Yanzu ga maganar dako. Baba bai kai kansa soja ba. An aiko wa dagacin garinmu cewa ya kawo samari, shi ko yana cikin majiya ƙarfi, marasa mai tsaya musu. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, inda ya fara ganin teku. Ya ce da jirgin ruwan ya bar gaɓa, ƙasa ta ɓace, akwai ƙartin da suka fashe da kuka, kuma ba wanda ya yi musu dariya. Da dare ba a kunna fitila, ko sigari ba a sha a saman jirgi, saboda jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna farauta a gaɓar Afirka ta Yamma. Ayarin ya zagaya ta kudancin Afirka ya sauke su a Bombay a 1943. Rundunarsu ita ce ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, tambarinta kuwa baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Ta 82 ta biyo baya a 1944, kuma ina so marubucinku ya nemi hoton tambarinta ya duba: masu biyu ne gicciye a kan gammo. Rundunar da ta sa gammo a kafaɗar kowane sojanta, har da janar ɗinta, ta san abin da gammon ya yi mata.

Dalili shi ne ƙasar da aka tura su. Kwarin Kogin Kaladan, a yankin Arakan, duwatsu ne masu tsayi da dajin gora mai duhu da rafuka barkatai. Mota ba ta shiga, akwai hawan da ko alfadari ba ya iyawa. Sojan Japan ya saba da cewa abokan gabansa a ɗaure suke da hanyar mota, sai ya zagaya ta daji ya datse hanyar a bayansu, yunwa ta kore su. Haka aka yi ta cin Turawa a Malaya da Burma a 1942. Runduna ta 81 ta shiga Kaladan a ƙarshen 1943 da wata dabara dabam. Ita ce babbar runduna ta farko a fagen da aka ciyar da ita kacokan daga sama. Jiragen Dakota su zo su zubo kaya a filin da aka share, sai rukunin masu ɗaukar kaya su ɗora a ka su bi masu bindiga duk inda suka nufa. Da haka runduna ta daina jiran hanya. Inda aka buƙaci hanya ma, su suka sara ta da adda da diga da shebur, fiye da mil 70 ta cikin duwatsu, don jif ya wuce.

Baba yakan ba mu labarin ranar zubo kaya. Harsashi da magani da batiran wayar iska da laima ake sako su. Buhunan shinkafa kuwa haka nan ake turo su daga ƙofar jirgi, ba laima, kuma buhun da ya faɗo wa mutum a ka ya gama da shi. Su za su ruga su kwashe kafin Japanawa su gane wurin. Abin da ke kansa yau harsasan igwa ne, gobe akwatin magani, jibi kuma mutum ne aka harba, su huɗu su ɗauke shi a gadon gora su hau dutse da shi zuwa ɗan filin da suka share wa ƙaramin jirgin da ke kwashe masu rauni. Yawancinsu ba su da bindiga, adda ce kawai a ƙugu. Idan aka yi kwanton ɓauna, mai bindiga zai kwanta ya rama, mai kaya kuwa an ce masa kada ya yar da kayan. Ga matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙwayar maganin da ke mai da idon mutum rawaya, ga damina wadda ruwanta ke yin kwanaki bai ɗauke ba. Har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi, wuyansa kuma ba ya juyawa sosai. Abu guda da yake faɗa da fara'a shi ne ƙauyukan Musulmin Arakan, inda ya ji kiran salla, ya yi sallama aka amsa masa, alhali ba mai jin harshen wani.

Ba zan ce nasara suka yi ta yi ba. Sun kai Kyauktaw a farkon 1944, Japanawa suka kawo farmaki mai zafi a watan Maris, rundunar ta ja da baya, aka yi asarar rayuka, daga baya ma aka sauya kwamandanta. Amma bayan damina sun sake gangarowa kwarin, suka haɗu da runduna ta 82, suka kama Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a watan Janairun 1945. A daidai lokacin ne sojojin Indiya da na Ingila ke sauka daga teku a Akyab da Kangaw da tsibirin Ramree. Namu na matsa wa Japanawa ta cikin duwatsu, na ruwa na datse musu hanyar gudu ta bakin gaɓa, jiragen sama na ciyar da kowa. Filayen jiragen da aka samu a Akyab da Ramree su suka ciyar da dakarun Janar Slim na Ingila a kan hanyarsu ta zuwa Rangoon, babban birnin Burma a lokacin. Runduna ta 82 ta ci gaba da gwabzawa a Dalet da Tamandu da hanyar An har damina ta sake sauka.

Akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka ware aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa can cikin yankin da Japanawa ke riƙe da shi, a 1944. Jirage suka sauke su can bayan layin Japanawa, suka tsare sansanonin da ake kira Aberdeen da White City, inda aka datse hanyar jirgin ƙasa. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris na shekarar, su kuwa suka ci gaba da yaƙi cikin ruwa da laka har watanni.

Ranka ya daɗe, sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnenmu, ma'anarsu ce ta ɓace mana. Barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da An da Marda da Arakan da Tamandu a Legas, Mogadishu a Abuja, Burma Camp a Accra. Lokacin da nake koyarwa, kowace shekara ina tambayar ɗalibaina daga ina sunan Dalet ya fito, mafi yawa sukan ce sunan wani Bature ne. Yara ne da ke wucewa ta ƙofar barikin kullum. Barikin Lokoja kuma sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, mutumin Barno da ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu, ya je Habasha ya je Burma. Yara nawa ne a Maiduguri suka san shi?

Inda na yarda da marubucinku shi ne cewa ba mu muka haɗa yaƙin ba, kuma ba a yi mana adalci a cikinsa ba. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 suka sa kaki. Hafsoshinsu Turawa ne, har da 'yan Poland da aka aro. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya sami muƙamin hafsa a 1942 kuma ya yi yaƙi a Burma, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da aka ba wannan matsayi a rundunar sojan Ingila. Albashin sojanmu da kuɗin sallamarsa ba su kama ƙafar na Bature ba, ko da a rami guda suka kwana. A gida ma, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, an tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki don kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Baba ya dawo a 1946 da lambobinsa da ɗan kuɗin da bai kai shi wata damina ba, ya koma gona. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a rubuta shi. Amma zaluncin da aka yi musu bai zama hujjar mu ma mu rage musu aikin da suka yi ba. Bature ya rage musu a littafinsa, ya ba Burma shafi kaɗan, ya ba baƙaƙen da ke cikinta layi kaɗan. In mu jikokinsu muka ɗora da cewa dako kawai suka yi, mun ƙarasa masa aikin.

Roƙona gare ka guda biyu ne. Na farko, ka tura wakilanka ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya a Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yola. Waɗanda suka je Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu irina muna nan, kuma a cikin adakoki da yawa akwai takardar sallama da lambobi da hotuna da gara ke ci. A ɗauki hotonsu, a naɗi abin da muka ji daga bakin iyayenmu tun muna iya faɗa. Na biyu, a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Rangoon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu akwai namu masu yawa, kuma hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila ta sa sunayen a intanet. Ka sa a tsamo na 'yan Najeriya, ka riƙa buga su kashi-kashi kafin 15 ga Janairu mai zuwa. Sojan wancan zamani sau da yawa da sunan garinsu aka rubuta shi, don haka akwai gidajen da za su gane nasu. Ni a shirye nake in taimaka da tantance sunayen, ba tare da an biya ni ko kwabo ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Kaduna.